Ƙungiyar Ma'aikatan Masaƙu da Faɗuwar Kakuri

Da yawa daga 'yan garinmu da suka fara zama a Kaduna, masaƙa ce ta kai su. Kamfanin Kaduna Textiles ya fara aiki a Kakuri a 1957, bisa ƙoƙarin gwamnatin Sardauna, sannan su Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya.

A wancan zamani kusan kowace masaƙa da tata 'yar ƙungiyar ma'aikata, marar kuɗi, mai yawan rigima. A 1978 gwamnatin soja ta Obasanjo ta haɗe ƙungiyoyin ƙwadago na ƙasa zuwa 42, masaƙu da teloli suka sami uwar ƙungiya guda, aka kuma riƙa cire kuɗin ƙungiya kai tsaye daga albashi. A ganina wannan tanadi na biyu ya fi na farko tasiri, domin shi ya ba ta ofis da jami'ai na dindindin. Adams Oshiomhole, tsohon ma'aikacin Arewa Textiles, ya zama babban sakatare a 1982. A hannunsa ƙungiyar ta saba da zama teburi guda da masu masaƙu ana cinikin albashi, har cikin ƙuncin SAP na 1986, lokacin da naira ta karye.

Sai dai tsari a cikin gida bai tare guguwar waje ba. Rashin wutar lantarki, tsadar baƙin mai da atamfofin fasa-ƙwauri suka ci kasuwa. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, UNTL ta Kaduna a 2007. Da membobin masaƙu suka ragu, ƙungiyar ta karkata ga teloli masu zaman kansu.