Tace Ma'adinai da Bakteriya da Matsalar Sinadarai

Tace ma'adinai da bakteriya hanya ce ta amfani da wasu ƙwayoyin halitta wajen narkar da dutsen ma'adini, domin a samu jan ƙarfe ko zinaren da ke cikinsa. Abincin ƙwayoyin ƙarfe ne da farar wuta, kuma a ruwa mai asid suke rayuwa.

Asali

A 1947 ne Colmer da Hinkle suka gano irin wannan ƙwaya a ruwan da ke tsatsowa daga ramukan kwal a Amurka. Ita ce yanzu ake kira Acidithiobacillus ferrooxidans. A shekarun 1950 kamfanin Kennecott ya shiga amfani da ita wajen tatsar jan ƙarfe daga tulin baraguzan mahaƙar Bingham Canyon a jihar Yuta. A 1986 aka buɗe masana'antar BIOX ta farko, wato mai sarrafa dutsen zinare da ƙwayoyin, a mahaƙar zinare ta Fairview, kusa da Barberton a Afirka ta Kudu.

A Afirka ta Yamma

Fasahar ta iso Ghana a 1994, lokacin da kamfanin Ashanti Goldfields ya kafa masana'antar Sansu a Obuwasi. Ta Bogoso ta biyo baya a 2007. Zinaren waɗannan wurare a kulle yake cikin dutse mai farar wuta da asanik, sayanaid, sinadarin da ake narkar da zinare da shi, ba ya kai gare shi. Sai a niƙe dutsen, a ware mai amfanin, a zuba shi a manyan tankuna masu ƙwayoyin ana juyawa ana hura iska, a zafin digiri 40 zuwa 45. Cikin kwana huɗu zuwa shida ƙwayoyin sun ɓare dutsen, sai a kai shi sashen sayanaid.

Illar sinadarai

Tun da wuri aka lura cewa sinadaran masana'anta kan gurgunta ƙwayoyin. Zantet, wanda ake zubawa don ma'adini ya maƙale wa kumfa ya taso sama, yakan rage musu kuzari idan ya yi yawa. A 1976 Torma da Itzkovitch suka nuna cewa man da ake tsamo jan ƙarfe da shi daga ruwa yana rage aikinsu. Gishiri ma haka, abin da ya dami mahaƙun hamadar Atakama a Cile, inda ruwan daɗi ke wuya.

Mafi muni shi ne tayosayanet, wanda kan samu idan sayanaid ya haɗu da farar wuta. Ɗan kaɗan ya isa ya tsayar da tanki, shi ya sa ba a mayar da ruwan sashen sayanaid cikin tankunan kai tsaye. A 2010 aka fara aiki da tsarin ASTER a masana'antar Consort ta Barberton, inda wasu ƙwayoyin dabam ke cinye gubar kafin a sake amfani da ruwan. A yau, gwajin sinadarai da na ruwa na cikin matakan farko kafin a gina irin wannan masana'anta.