Taɓin Hankali da Nauyinsa a Kan Iyali: Nazari Daga Birnin Kebbi da Argungu

Tsakure

Maƙalar nan ta bi sawun taɓin hankali a cikin gida tun daga jego har zuwa tsufa, ta kuma nuna cewa a Birnin Kebbi da Argungu iyali ne ke ɗauke da mafi yawan jinya, sau da yawa ba tare da ilimin cutar ko tallafi ba.

Gabatarwa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum 1 cikin 8 a duniya na fama da wata larurar ƙwaƙwalwa. Likitocin wannan fanni a Nijeriya ba su kai 300 ba, ga al'umma fiye da miliyan 200. Magidancin Argungu da ɗansa ya rikice yakan fara da ruƙiyya da rubutun sha. Sai abu ya ci tura a nufi Birnin Kebbi, ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware a Jihar Sakkwato.

Matakan rayuwa

A jego, mace 1 zuwa 2 cikin 1,000 kan gamu da rikicewar hankali bayan haihuwa: barci ya ƙaurace mata, ta ƙi shayarwa, ta riƙa sambatu. Akan ce iska ce ta buge ta, a mayar da ita gidan iyayenta. Goyo ya koma hannun kaka, aure ya fara rawa, alhali magani na warkar da ita.

Kusan rabin larurorin nan kan fara kafin shekara 14. Yaron da ya daina magana ko wasa, akan ce miskilanci ne, a bi shi da bulala. Ga samari kuwa, ƙwaya ta ƙara dagula lamarin. Binciken ƙasa na 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 masu ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, a shekarar da gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin.

Idan mai gida ne ya kwanta, asarar ta fi bayyana. Fadamar shinkafa ba ta jira: lokacin dashe ya wuce, a sayar da akuya, daga baya a jinginar da gonar domin kuɗin mota da na magani. Tabon yakan bi 'ya'ya mata, domin masu binciken aure na ja da baya da zarar sun ji an ce akwai hauka a dangi.

A ƙarshe ga gigin tsufa. Tsohuwa ta manta sunan jikokinta, ta fita da dare, wasu har su kira ta mayya. Wankanta da tsaronta kan faɗa kan suruka ko 'yar da aka cire daga makaranta.

Kammalawa

A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya zaunar da marasa lafiya tare da danginsu a ƙauyukan Aro kusa da Abeokuta, ya nuna cewa iyali abokin aikin likita ne. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kare haƙƙin majinyaci. Ya rage wa Gwamnatin Jihar Kebbi ta horar da ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi, ta wadata su da magani mai rahusa, ta kuma jawo limamai da ungozomomi su riƙa tura iyalai asibiti da wuri.