Giyar Mai da Garmar Shanu: Ƙaramar Taraktar da Ba Ta Iso Gusau Ba

A 1975 aka fara aikin Shirin Bunƙasa Noma na Gusau, ɗaya daga cikin ukun farko da Bankin Duniya ya ba Nijeriya rancen kafawa. Sauran biyun su ne na Funtua da na Gombe. Ƙasar da ke kewaye da Gusau, daga Tsafe ta kudu maso gabas zuwa Kwatarkwashi da Bunguɗu, ƙasar ƙananan gonaki ce: dawa da gero don rumbu, auduga da gyaɗa don kasuwa. Duk mai kallon irin waɗannan gonaki zai ce ƙaramin inji suke bukata. Kuma a lokacin ƙaramin injin yana nan, ya shekara 10 a kasuwannin Amurka. Me ya hana shi zuwa?

A 1965 kamfanin Wheel Horse da ke jihar Indiyana ya fitar da ƙananan taraktocin lambu masu ƙarfin doki 8 da 10, waɗanda ba su da sandar giya irin wadda aka saba. Kusan lokaci guda International Harvester ya fito da Cub Cadet 123, sannan John Deere ya biyo baya da samfurin 140 a 1968. Abin da ya haɗa su shi ne na'urar da injiniyoyi ke kira haidurostatik, wadda a Hausa za a iya ce mata giyar mai. Kamfanin Sundstrand ne ya ƙera wa yawancinsu ita.

Yadda take aiki bai da wuyar fahimta. A giyar da kowane direba ya sani, ƙarfin inji yana bi ta haƙoran ƙarfe masu cizon juna har ya kai ga tayoyi, kuma duk wanda zai sauya gudu sai ya taka kuloci. A giyar mai, inji famfo yake juyawa. Cikin famfon akwai ƙananan fistin da aka jera a da'ira, ƙafafunsu na dogare da wani faifai da ake iya karkatawa. In faifan ya miƙe sak, fistin ba sa motsi gaba da baya, mai ba ya tafiya, tarakta tana tsaye ko da inji yana ruri. In aka ɗan karkata shi, mai ya fara kwarara da matsi zuwa wata na'ura mai kama da famfon, ita kuma ta juya tayoyi. Ƙarin karkata, ƙarin gudu. In aka karkata shi ɗaya ɓangaren, mai ya juya hanya, tarakta ta koma da baya. Sanda ɗaya ko fedal ɗaya ya isa. Wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba zai iya koyo kafin azahar.

Wannan sauƙin ne ya ja hankalin masu neman injin da ya dace da manomin Afirka. A Suwazilan, wadda yanzu ake kira Eswatini, an ƙera wata ƙaramar tarakta mai giyar mai da kantar ɗaukar kaya, aka fara sayar da ita a tsakiyar shekarun 1970. Sunan da aka raɗa mata, Tinkabi, ma'anarsa shanu a harshen ƙasar, kuma sunan ya faɗi manufar: a maye gurbin shanun huɗa. Ba ta yaɗu yadda aka yi fata ba.

Giyar mai tana da farashi biyu da ba a rubuta su a takardar ciniki. Na farko, tana cin ƙarfi. Idan ana jan abu mai nauyi, abin da ke salwanta ya zama zafi a cikin mai yakan kai kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin inji, fiye da asarar giyar haƙora nesa ba kusa ba. Ba'amurken da ke aske ciyawar ƙofar gidansa, yana gaba yana baya tsakanin itatuwa, wannan bai dame shi ba. Amma huɗa aiki ne na ja, daga safe har rana ta take, kuma ƙarfin doki 12 ba shi da rarar da zai zubar. Ko a Amurka, da International Harvester ya sa wannan na'ura a babbar tarakta samfurin 656 a 1967, manoma sun fi son ta wajen yankan ciyawa da loda kaya, ba wajen kaftu ba. Na biyu, tana da tsantseni. Tazarar da ke tsakanin fistin da ramukansu ba ta kai kaurin gashi ba, don haka ƙwayar rairayi kaɗan a cikin mai ta isa ta karce fuskar ƙarfen, matsi ya zube, tarakta ta kasa hawa ko da ɗan tudu idan man ya yi zafi. Tana son mai nata na musamman, da matata sabuwa a kan lokaci, da iska mai sanyaya ta. A ƙasar da hunturu ke shigar da ƙura har cikin akwatin da aka kulle, kuma ake auna mai da gwangwani a bakin titi, waɗannan sharuɗɗa ne masu tsada. Bakanike a Gusau yana iya buɗe akwatin giyar Massey Ferguson ya ga haƙorin da ya karye da idonsa, ya nemo na tsohuwa ya sa. Karcewar da ido ba ya gani sai a sauya famfon gaba ɗaya, shi kuma daga ƙetare yake zuwa.

Sai dai babban dalilin ya girmi injin kansa. Wurin da ƙaramar tarakta za ta tsaya, shanu sun riga sun tsaya a kai. Tun 1928 Ma'aikatar Gona ta mulkin mallaka ta fara koya wa manoman Arewa huɗa da shanu, En'e tana ba da rancen bijimai biyu da garma. Manufar ba ɓoyayya ba ce: a ƙara auduga da gyaɗa. A 1929 layin dogo daga Zariya ya ratsa Tsafe da Gusau ya kai Ƙaura Namoda, Gusau ta zama matattarar waɗannan amfanin gona biyu, kuma wanda ya faɗaɗa gonarsa ya sami inda zai sayar. Garmar da ta kama ƙasar ita ce Emcot, wadda ke tada kunya irin wadda manomi ya gada daga garmar hannu, don haka ba ta tilasta masa sauya yadda yake shuka ba. Daga baya maƙera da masu walda suka koyi ƙera ta da gyara ta.

A lissafin magidanci, bijimi yana da wata daraja da babu injin da ke da ita. Ana sayen sa ƙarami, ya yi huɗa da ban ƙasa 'yan shekaru, ya ja amalanke da rani, ya ba da taki, ya ci harawar wake da karan dawa da gonar ta fitar, sannan a sayar da shi ya fi kuɗin da aka saye shi. Tarakta tun ranar da ta bar shago darajarta ke raguwa. Shi ya sa Shirin Gusau ya fi ba da ƙarfi ga takin zamani, ingantaccen iri, hanyoyin karkara, madatsun ruwa da cibiyoyin sayar da kayan noma, ya kuma bar shanu a kan aikinsu. A wannan ɓangaren, masu tsara shirin sun karanta ƙasar daidai.

Gwamnatoci kuwa babbar tarakta suka fi so, watakila saboda ta fi kyau a layi ranar ƙaddamarwa. Zamanin kuɗin man fetur, daga shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976 zuwa juyin noma na Shagari a 1980, an cika sassan hayar tarakta na ma'aikatun gona, an kafa masana'antar Steyr a Bauci, ana harhaɗa Fiat a Kano. Matsalar haya ita ce kowa rana ɗaya yake son ta, wato kashegarin ruwan shuka, kuma mai gona babba ko mai hanya shi ake fara yi wa. Da aka karya darajar naira a Satumban 1986, kuɗin kayan gyara ya yi tashin gwauron zabi, taraktoci da yawa suka kwanta, ana ciro kayan wata ana tada wata. Waɗanda suka rayu su ne masu giyar haƙora da bakanike ya san cikinsu. Jihar Zamfara, da aka ƙirƙiro a 1 ga Oktoba 1996, wannan gadon ta tarar.

Abin da ya sake buɗe maganar yanzu ba fasaha ba ce. Tun wajen 2011 satar shanu ta yi ƙamari a Zamfara, kuma Tsafe da Bunguɗu suna cikin ƙananan hukumomin da suka sha wuya. Bijimin da a da yake asusun gida ya koma abin da ke jawo ɓarayi ƙofar gida. Magidancin da aka kore wa shanun huɗa bai yi asarar dukiya kawai ba. Gonarsa ta koma iyakar abin da hannunsa da na 'ya'yansa za su iya tadawa kafin ƙasa ta bushe. Gurbin da shanu suka tsare kusan shekara 80 ya fara zama fanko, kuma ƙananan injunan huɗa masu taya biyu na Sin da Indiya ne ke leƙowa cikinsa. Yawancinsu bel ne da sarƙa da giyar haƙora, irin abin da mai gyaran injin niƙa zai iya kwancewa a ƙarƙashin bishiya. Kamfanin Hello Tractor, da Jehiel Oliver ya kafa a 2014, da irin wannan ƙaramin inji ya fara a Nijeriya, kafin ya koma haɗa masu tarakta da manoma ta wayar hannu, wato tsohuwar matsalar layin haya ce yake ƙoƙarin warwarewa.

Giyar mai ita ma ta shigo ƙasar daga baya, amma ta wata ƙofa. Ƙananan injunan girbin shinkafa na Asiya, irin su Kubota DC-70, da ita suke tafiya, domin girbi aiki ne na sauya gudu kowane lokaci gwargwadon kaurin shuka da laushin ƙasa, ba aikin ja ba. A nan na'urar ta sami aikin da ya dace da ita. Sharuɗɗanta dai ba su sauya ba tun 1965. Duk ƙungiyar manoma ko ma'aikatar da za ta sayi irin wannan inji don fadamun Bunguɗu, ya kamata takardar cinikin ta faɗi wane irin mai yake sha, bayan awa nawa ake sauya matata, da kuma garin da za a kai famfon idan ya fara zubar da matsi a tsakiyar kaka.