Yadda ake haɗa fetur da baƙin mai a ƙananan injuna

A shagunan teloli da masu aski na Fagge, da rumfunan masu cajin waya a Sabon Gari, ƙaramin janareta shi ne abin dogaro duk lokacin da wutar KEDCO ta ɗauke. Mafi yaɗuwa shi ne samfurin 950, irin su Tiger, wanda ake yi wa laƙabi da "na fi maƙwabcina". Ko da yake Hukumar Kwastam ta sanar da hana shigo da shi da yawa a 2015 saboda hayaƙinsa, har yanzu yana ko'ina. Tsawon ransa kuwa ya dogara ne a kan yadda ake auna baƙin man da ake zuba wa fetur ɗinsa.

Dalilin haɗawa

Ƙananan injuna iri biyu ne. Mai bugu huɗu, kamar na manyan janareta da yawancin baburan yanzu, yana da mazubin baƙin mai na daban, don haka ba a haɗa masa komai a fetur. Mai bugu biyu kuwa ba shi da wannan mazubi. Fetur ne ke ɗauko man ya ratsa da shi cikin inji, ya shafe fistan da ringi da boris, sannan su ƙone tare. A wannan rukuni ake samun janareta 950, da injin yankan itace, da wasu injunan feshi na goyo, da wasu ƙananan injunan ban ruwa. Idan aka zuba wa irinsu fetur zalla, cikin ɗan lokaci ƙarfe zai ci ƙarfe, injin ya buga.

Ma'aunin da ya dace

Kamfanin da ya ƙera inji ne ke fayyace ma'auni, kuma akan same shi a jikin tanki, ko a kan murfinsa, ko a littafin da ke zuwa da injin. Idan aka rubuta 50:1, ana nufin kashi 50 na fetur, kashi ɗaya na mai. Lissafin shi ne a raba mililita 1,000 da ke cikin lita guda da lambar farko:

50:1 – mililita 20 a lita ɗaya, 80 a lita huɗu, 100 a lita biyar.
40:1 – mililita 25 a lita ɗaya, 100 a lita huɗu, 125 a lita biyar.
25:1 – mililita 40 a lita ɗaya, 160 a lita huɗu, 200 a lita biyar.

Yamaha ET950, wanda aka kwaikwayi ƙirarsa wajen yin yawancin janaretocin 950, yana amfani da 50:1, kuma tankinsa na cin kimanin lita huɗu. Haka ma injunan yankan itace na Stihl. Tsofaffin injuna ne suka fi buƙatar 25:1.

Wane mai za a saya?

Man da aka yi don wannan aiki yana ɗauke da alamar 2T a jikin robarsa, tare da shaidar inganci irin su API TC ko JASO FB, FC da FD. FC da FD sun fi ƙarancin hayaƙi. Mai alamar TC-W3 na injunan kwale-kwale ne da ruwa ke sanyaya su.

Mutane da yawa na zuba baƙin man mota, kamar SAE 40, saboda sauƙin samu. Wannan mai ba don ƙonewa aka yi shi ba. Yana barin toka da ke toshe fulogi da salansa. Mafi muni shi ne tsohon man da aka juye daga mota, domin cike yake da datti da ɓurɓushin ƙarfe.

Matakan haɗawa

A samu jarka mai tsabta da aka ware don fetur. A zuba rabin fetur ɗin, a auna mai da sirinji mai cin mililita 20 da ake samu a kemis, a zuba, a rufe, a girgiza. Sai a ƙara ragowar, a sake girgizawa kafin a ɗura a tanki. Zuba mai kai tsaye cikin tanki kan sa ya kwanta a ƙasa ya shiga kafireto shi kaɗai.

Kada a haɗa fiye da abin da za a ƙarar cikin wata guda, domin fetur na lalacewa, musamman a zafin Maris zuwa Mayu. Wanda ke saye a hannun 'yan bumburutu ya tabbatar ba a gauraya masa da kananzir ko ruwa ba.

Alamomin kuskure

Idan mai ya yi yawa, za a ga hayaƙi mai kauri, fulogi ya yi baƙi ya jiƙe, mai na ɗiga daga salansa, injin na wuyar tashi. Idan ya yi kaɗan, injin zai ɗauki zafi, ƙararsa ta canza, ƙarfinsa ya ragu, ya iya tsayawa cak. Matsalar farko wanke fulogi da salansa kan magance ta. Ta biyu takan kai ga sauya fistan da ringi, wani lokaci har da silinda. Tun bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, tsimi ya zama dole, amma rage mililita 20 na mai ba ya biyan kuɗin makaniki da asarar aikin yini guda.

Kariyar rai

A kashe inji, a bari ya huce kafin a ƙara masa fetur, nesa da wuta ko sigari, musamman a wuraren da yadi da katako suka cunkushe kamar Kantin Kwari da kasuwar Sabon Gari. Kada a kunna janareta a ɗaki, ko zaure, ko shago rufaffe. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi, tana kuma kashe mutum cikin barci. Daidaita ma'auni na rage hayaƙin da ido ke gani ne kawai, ba ya kawar da wannan guba.