Maganaɗisun Ƙananan Ƙwayoyin Ƙarfe da Makomar Kaset ɗin Tarihi a Birnin Katsina

Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu nuna cewa wani babban sashe na tarihin Katsina na ƙarni na 20 yana ajiye ne a kan shafen garin ƙarfe wanda bai kai kaurin gashi ba, watau zaren kaset, kuma ɗorewar wannan tarihi ta dogara ga ɗabi'ar garin nan.

Asalin Zaren Ɗaukar Murya

A shekarar 1928 Fritz Pfleumer ya shafa garin ƙarfe a kan siririyar takarda a Jamus, ya ɗauki murya da ita. Kamfanin AEG ya nuna rikodar zare a Balin a 1935, sa'an nan kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fito da kaset a 1963, mai zare faɗin milimita 3.81, wanda ke tafiyar santimita 4.76 cikin daƙiƙa ɗaya.

Garin da ake shafa wa zaren dangin tsatsa ne. Ƙwayoyinsa dogaye ne kamar allura, tsawonsu bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, kuma kowace ƙwaya maganaɗisu ce mai zaman kanta. Rikoda takan juya fuskarsu gwargwadon hawa da saukar murya. A 1948 Stoner da Wohlfarth suka bayyana a Ingila cewa tsawon ƙwayar ne ke sa ta riƙe fuskar da aka ba ta. A 1949 kuma Louis Néel na Faransa ya nuna iyakar wannan riƙo: in ƙwaya ta ƙanƙance ƙwarai, alal misali ta tsatsar ƙarfe ta gaza nanomita 20 zuwa 30, to ɗumin ɗaki kaɗai ya isa ya riƙa birkita fuskarta, ta mance abin da aka ɗora mata. Nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita.

Kaset a Katsina

Katsina ta daɗe da sanin adana ilmi. Rubuce-rubucen Ɗanmarina da Ɗanmasani na ƙarni na 17 sun iso mu ta tawada da takarda. Daga shekarun 1970 kuwa, da rikoda ta yawaita, sai murya ita ma ta sami ma'aji. Aka ɗauki tafsirin watan azumi, da waƙoƙin fada na zamanin Sarki Usman Nagogo, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, irin na Sarkin Taushin Katsina, da na Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa, wanda ya rasu a 1999.

Sai dai zare bai kai takarda jimiri ba. Cikin shafensa akwai ƙwayoyin da ke kusa da iyakar da Néel ya ambata. A zafin bazarar Katsina, wanda kan kai awo 40, waɗannan sukan kwaikwayi maganaɗisun zaren da ke naɗe a kansu, har a riƙa jin amo kafin magana. Raɓar damina tana lalata ƙaron da ke riƙe garin, ƙurar hunturu kuma tana kankare shi. Bugu da ƙari, a 2019 hukumar UNESCO ta yi kashedi cewa na'urorin karanta irin wannan zare suna gab da ƙarewa.

Siraran Shafe da Mafita

Ilmin da ya bayyana cutar shi ne ya kawo magani. A 1988 Albert Fert a Faransa da Peter Grünberg a Jamus, kowa da nasa binciken, suka gano cewa in aka jera siraran shafen ƙarfe da na kuromiyam masu kaurin 'yan nanomita, ƙaramin maganaɗisu yakan sauya gudun lantarki a cikinsu ƙwarai. Kamfanin IBM ya sa wannan a faifan ajiya na kwamfuta a 1997, su kuma suka sami kyautar Nobel a 2007. Yau faifai ɗaya yana ɗaukar kaset dubbai. Amma shi ma ƙa'idar Néel tana kansa, saboda haka kwafi ɗaya bai wadatar ba.

Kammalawa

Bisa ga wannan, muna ba da shawara Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina su haɗa hannu su tattaro kaset daga gidajen malamai da makaɗa da 'yan kasuwa, a rubuta sunan mai murya da shekarar ɗauka, a juye su cikin kwamfuta, a ajiye kwafi a wurare dabam-dabam. Na asali kuma a killace su a ɗaki mai sanyi marar raɓa, nesa da lasifika da injin lantarki. Ya kamata a fara da mafi tsufa, tun dattawan da za su iya shaida muryoyin suna raye.