Umaru Ganda: ɗan dakon da ya ɗauki na'urar silima

Ga taƙaitaccen abin da muka kawo muku a filin tarihi na wannan mako, don wanda shirin ya wuce shi yana bakin rijiya ko yana layin duwan.

In aka ce fim, yawancinmu Kano muke tunawa, ko Indiya. To amma tun ba a fara finafinan bidiyo na Kano ba, Nijar ta riga ta yi suna a silima, kuma mutanen da aka fara nunawa a ciki irinku ne: mai kora shanu, masunci, ɗan ci-rani, ɗan dako.

Abin ya faro ne da wani Bafaranshe, Jean Rouch, wanda ake faɗa Jan Rush. Ya zo Nijar a 1941 a matsayin injiniyan hanya, daga baya ya koma binciken al'adu da ɗaukar hoto. Wajejen 1954 ya bi wasu samari uku daga Ayoru zuwa Gwalkwas, wato Gana ta yau. Akwai Damure Zika, da Illo masunci, da Lam Ibrahim, Bafillace makiyayi. Fim ɗin da ya fito daga wannan tafiya, Jaguar, bai kai ga jama'a ba sai 1967. Duk wanda ya taɓa ƙetare iyaka zai gane kansa a ciki. Da suka iso shingen duwan na bakin teku babu takardu, sai suka zagaye ta baya suka wuce. Lam ya kora wa wani shanu, sannan ya kafa tebur a kasuwar Kumasi yana sayar da tarkace. Da damina ta gabato suka koma gida, abin da suka yi watanni suna tarawa suka rabar da shi nan da nan. Kun ga ai ba sabon labari ba ne a gidajenmu.

Amma wanda muke so mu tsaya a kansa yau shi ne Umaru Ganda. An haife shi a Yamai a 1935, Bazabarme ne. Yana ɗan shekara 16 ya shiga sojan Faransa, aka kai shi yaƙin Indocin, can yankin da Biyetnam take, inda Faransa ta sha kashi a 1954. Ya dawo gida babu aiki. Sai ya bi hanyar da dubban ƴan Nijar ke bi har yau, ya gangara Abijan, ya zama ɗan dako a tashar jiragen ruwa.

A can ya haɗu da Rush, wanda ke binciken rayuwar ƴan ci-rani. Rush ya sa shi a gaba a fim ɗin Moi, un Noir, ma'ana "Ni, baƙar fata", wanda aka ɗauka a unguwar Tireshbil ya fito a 1958. Ganda ya fito da laƙabin wani ɗan wasan Amurka, Edward G. Robinson, kamar yadda samarin unguwar ke laƙaba wa kansu sunayen taurarin silima. Bayan an gama ɗaukar hoto, sai aka zaunar da shi yana kallo yana magana a kai, yana faɗar yunwarsa, da wahalar ɗaukar buhu, da abin da ya gani a fagen yaƙi. Fim ɗin ya ci babbar kyauta a Faransa, ta Louis Delluc, har matasan masu shirya fim na can suka ɗauki darasi daga gare shi.

To a nan ne maganar take. Muryar ta Ganda ce, gumin nasa ne, amma na'urar tana hannun wani, kuma mai na'ura shi ke zaɓen abin da za a bari da abin da za a yanke. Usman Sambene na Senegal ma ya taɓa ƙalubalantar Rush ido da ido, cewa Turawa masu bincike suna kallon ɗan Afirka kamar yadda ake kallon ƙwaro. Rush ya buɗe ƙofa, wannan ba a musun sa, kuma a ƙasar nan ya ƙare: ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙwanni a watan Fabrairu na 2004, aka binne shi a Yamai. Sai dai Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ganda ya komo Yamai, ya shiga ƙungiyar masu sha'awar silima ta cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, ya koyi aikin da hannunsa. A 1968 ya gama fim ɗinsa na farko, Cabascabo, baƙi da fari, da harshen Zabarmanci, kuma shi ya fito a matsayin tauraro. Labarin tsohon soja ne da ya dawo daga Indocin da kuɗi a aljihu. Maroƙa suka yi masa caa, abokai suka kewaye shi, ana ci ana sha. Ranar da aljihu ya bushe, kowa ya kama gabansa. Ya nemi aiki, girman kai na tsohon soja ya hana shi jure wulaƙanci, a ƙarshe ya juya baya ga birni ya nufi karkara. Kai da ka taɓa sayar da bijimai biyu a kasuwa ka ga yadda dangi ke ƙaruwa a rana ɗaya, ba sai an fassara maka ba. An nuna fim ɗin a bikin Kan na Faransa a 1969, ya kuma samu kyauta a Mosko.

Na biyu, Le Wazzou polygame, na 1970, ya taɓo inda ke da zafi. Wani mai hali ne ya dawo daga Makka da sunan Alhaji, yana da mata biyu, ya ƙyalla ido a kan wata yarinya da aka riga aka yi wa wani saurayi alkawarinta. Iyaye suka ga kuɗi suka ba da ita. Kishi ya tashi a gidan har aka yi asarar rai, yarinyar kuma ta ƙare a birni cikin lalacewa. Ganda bai yi faɗa da addini ba, shi kansa Musulmi ne. Abin da ya nuna shi ne mutumin da ke fakewa da rawani yana sayen abin da ba na sayarwa ba. A 1972, da bikin finafinan Afirka na Wagadugu, FESPACO, ya fara ba da babbar kyautarsa ta Dokin Yennenga, wannan fim ne ya ɗauke ta. Wato farkon wanda ya ci kyautar a duk Afirka ɗan Nijar ne, tsohon ɗan dako.

Bayan nan ya yi Saïtane, wato Shaiɗan, a kan malamin tsibbu da ke shiga tsakanin attajiri da matar aure don abin duniya. Na ƙarshe shi ne L'Exilé na 1980, wanda ya gina a kan tatsuniya, kuma jigonsa nauyin alkawari ne, yadda magana in ta fita bakin mutum take ɗaure shi. Ku da kuke ciniki na miliyoyi a bakin iyaka babu takarda, sai musafaha da shaidar dillali, kun fi kowa sanin wannan.

Ba shi kaɗai ba ne a zamaninsa. Akwai Mustafa Alasan, wanda ya yi finafinan zane tun shekarun 1960, ya zauna a Tawa, ya rasu a 2015. Fim ɗinsa Toula, daga labarin Bubu Hama, a kan fari yake da abin da sarki zai sadaukar don ruwa ya sauka, ya kuma fito ne a daidai lokacin babban farin shekarun 1970 da ya ƙarar da garkuna. Akwai Zalika Sule, wadda ta fito a finafinan su biyun, ta sha zagi a gari saboda mutane ba su rarrabe wasa da gaske.

Umaru Ganda ya rasu ran 1 ga Janairu 1981, bai kai shekara 50 ba. Babbar cibiyar al'adu ta Yamai sunansa take ɗauke da shi, kuma FESPACO na ba da kyauta da sunansa ga wanda ya yi fice da fim ɗinsa na farko. Amma ka shiga tashar mota a Maraɗi ko Jibiya ka tambayi samarin da ke tura finafinai a waya ko suna da Cabascabo, ka ji amsa.

Yau kusan kowane saurayi a ruga yana da waya mai ɗaukar hoto, abin da Ganda ya yi shekaru kafin ya samu. Kullum ana ba da labarin makiyayi da ɗan kasuwar iyaka a kafafen duniya, sau da yawa daga bakin wanda bai taɓa kwana a burtali ba. In akwai dattijo a wurinku da ya san tsoffin hanyoyin shanu, ko ya yi fataucin goro zuwa Kumasi a da, ku zaunar da shi ku ɗauki maganarsa tun yana da ƙarfin yi. In kun so, ku aiko mana, mu sa a iska.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu leƙa Mali mu ji tarihin Amadu Hampate Ba, marubucin Fulani na Bandiyagara. Allah ya kiyaye hanya, ya ba dabbobi lafiya.