Zanen da ke bayan hoton kakanninmu

Ku ɗauko tsohon hoton gida ku duba bayan mutanen. Me kuka gani? Zane ne rataye ga bango. To zanen nan ma yana da tarihi.

A Bamako, Seydou Keïta ya buɗe shagon hoto a 1948. Zanen gadonsa ya fara ratayawa bayan masu zuwa ɗaukar hoto. Bayan 'yan shekaru sai ya sauya wani, har ta kai da zanen yake gane shekarar da ya ɗauki kowane hoto. Malick Sidibé, shi ma na Bamako, an san shi da ƙyalle mai ratsi-ratsi, kuma a 2007 ya samu babbar kyauta a birnin Venise na Italiya.

Nan gida ma haka munka taso munka gani. Ranar kasuwa ko ranar salla, mai hoto ya samu bango mai inuwa, ya kafa ƙusa biyu, ya rataya zane, shi ke nan shago ya tashi. Akoko ne, ko zanen gado, ko atamfa, wata ta SONITEXTIL ta Yamai, wata daga Kantin Kwari na Kano. Da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, kayan waje sunka yi tsada, kowa ya ƙara riƙe abin da ke hannunsa.

Kuma arha ba ta hana sanin aiki. Shadda tana ƙyalli, tana maido haske, sai fuska ta dushe. Akoko ba ya ƙyalli. A hoton baƙi da fari kuwa, launi ba ya fita, adon zanen ne ke fita.

Yau matasanmu masu ɗaukar hoton biki da waya suna ganin sai sun sayi labule mai tsada. Haba! Yadi uku na akoko, a wanke, a goge, ya isa a fara.

Abin da ya fi damunmu shi ne gara da ruwan damina suna cinye tsofaffin hotunan. Ku tambayi tsofaffi tun suna raye: wane ne wannan, wace shekara ce, zanen wa ke baya? Ku rubuta a bayan hoton. Wanda ke da irinsa ya aiko muna, mu gani tare. Allah ya jiƙan magabata.